Iyafis mai jin motsi, da batun "jiki magayi"

Wani ɗalibi ya turo tambaya daga Zariya, yace ya ji an ƙera iyafis da ke gane ko mutum tafiya yake ko gudu ko cin abinci ta hanyar sauti kawai, yana so ya rubuta labarin da Hausa amma ya rasa wacce zai ɗauka tsakanin ƙara da amo da sauti. Sannan wai ko karin maganar nan "jiki magayi" ta shiga nan.

Toh ɗan'uwa, ka fara gwada abin da kanka. Toshe kunnuwanka da yatsu ka taka ƙasa da ƙarfi, ko ka tauna gyaɗa. Za ka ji dum dum a cikin kanka, ya fi yadda ka saba ji. Takun nan ta ƙashi yake bi ya hau har kai, in kunne a buɗe yake sai ya fice, in kuwa an toshe sai ya taru a ciki ya ƙara kauri. Shi masana suka kama. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun fito da wani tsari mai suna OESense, suka sa ɗan ƙaramin makirfo yana kallon cikin kunne, da shi ake ƙirga taku, a bambance tafiya da gudu da tauna da shan ruwa. A 2023 kuma Google suka nuna wata dabarar, iyafis ɗin ke tura siririn sautin da kunne baya iya ji, in ya dawo sai a karanta bugun zuciya daga yadda ya canza.

Yanzu kalma. Ƙara ta yi ƙarfi, ita ta mota ce da janareto da bindiga. Amo na ganga ne da murya, abin da ke tashi ya cika wuri. Sauti daga Larabci muka aro, ba laifi a rubutun ilimi. Amma ni kam wadda nake so ka ɗauka ita ce motsi, don Bahaushe tun can bai raba motsi da jinsa ba, in dare yayi kaji ance "na ji motsi a zaure" ai ba gani akayi ba, kunne ne ya kama, har aka gane mutum ne ko akuya. Aikin na'urar nan kenan sak. Kace iyafis mai jin motsin jiki, kowa zai gane har tsohuwa a ƙauye, kuma wallahi yana damuna yadda muke tsallake irin waɗannan kalmomin namu mu tafi neman aro.

Batun jiki magayi kuwa, magayi daga gaya ne, mai gaya maka kenan, ginin sa ɗaya da manomi da maɗinki. Sai dai gargaɗi ce, ana faɗa wa wanda aka hana abu ya ƙi ji, ma'ana bari, jikinka zai gaya maka. 'Yar'uwarta ita ce "jiki ya fi kunne ji". Don haka in ka sa ta a kanun labarinka ta yi armashi, tunda a nan ɗin ma jikin ne ke bada labarin mai shi, amma a cikin bayani kar ka nuna kamar asalin ma'anarta kenan, yara masu tasowa za su ɗauka haka take.