Motar haibirid a Kano: inda take rage mai da inda ba ta yi

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar da ta fi yawan zuwa wannan fili ita ce ta motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da na lantarki. Mun zaɓi guda huɗu da suka tattara mafi yawan abin da ake tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina aiki a Bompai. Da kai yara makaranta da komai nakan yi kilomita 40 a rana. Corolla ta 2010 nake hawa, na kuma auna, lita ɗaya kilomita 9 take kai ni idan esi na kunne. Dillali ya ce in yi ciko in karɓi Prius ta 2012, wai shan mai zai ragu da rabi. Gaskiya ne, ko zaƙin bakin dillalai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A wannan karon dillalinka bai yi nisa da gaskiya ba, kuma hanyarka ce ta gaskata shi. Daga Kabuga zuwa Ƙofar Nassarawa da safe tafiya ce ta taka-tsaya: danja, shataletale, ɗan Adaidaita ya sha gabanka ya ci birki. Corolla tana ƙona mai a duk wannan tsayuwar, domin injinta na nan yana silo. Prius kuwa da ka tsaya injin fetur ɗinta yake mutuwa, esi ya ci gaba da sanyi saboda kwamfuresarsa ta lantarki ce, ba fanbel ke juya ta ba. Idan layi ya motsa, lantarki ne ke fara jan motar. Sannan duk birkin da ka taka a hankali, motar tana mayar da ƙarfin gudun nan caji ta zuba a batir, maimakon ya tafi a zafi a jikin birki.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, inda mafi yawan motocin nan suke fitowa, sun nuna haka. Prius ta 2010 zuwa 2015 tana yin kusan kilomita 21 a lita cikin gari, 20 a babban titi. Corolla irin taka 11 cikin gari, 14 a babban titi. Kada ka sa ran 21 ɗin nan a Kano da motar da ta haura shekara goma, ga esi ba ya hutawa. Mu ɗauka za ta ba ka 17. Kwana 22 na aiki sau kilomita 40 ya zama 880 a wata. Corolla za ta sha lita 98, Prius 52. Ragin lita 46 ke nan. In an ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, 46,000 a wata, 552,000 a shekara. Sai ka ɗauki cikon da dillali yake nema, ka ɗora masa kuɗin canjin batir ko da ba yanzu za a canja ba, ka raba da 552,000. Idan amsar ta wuce shekara uku, a ganinmu ka riƙe Corollarka.

Kuma idan ka saya, kada ka yarda da lambar da ke kan allon gaba kawai, takan ɗan yi ƙari. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka ta mako guda, ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka raba nisan da litar da ta shiga. 'Yar Amurka da mil take ƙirga, don haka ka ninka da 1.6 tukuna.

Tambaya: Ni malami ne, kullum ina zuwa Wudil daga Hotoro in dawo, wani lokaci kuma Zariya. An ce mini haibirid ba ta da ƙarfi, ba ta iya wuce tirela. Wace zan saya, Prius ko Camry haibirid, ko in haƙura?

Amsa: Malam, tambayarka biyu ce a haɗe, ta ƙarfi da ta mai, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Mu fara da ƙarfi. Haibirid iri-iri ce. Prius ta 2004 zuwa 2009 injinta lita 1.5 ne, ƙarfin doki 110 idan an haɗa da lantarki. Ta 2010 zuwa 2015 lita 1.8, ƙarfin doki 134, kuma daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin daƙiƙa 10 zuwa 11. Camry haibirid ta 2012 zuwa 2017 injin lita 2.5 gare ta, ƙarfin doki 200, tana kai wannan gudun a kusan daƙiƙa 8, ta ma fi Camry mai silinda huɗu da ba haibirid ba kuzari. Wanda ya ce haibirid ba ta tashi, Prius ya hau, wataƙila ma mai gajiyayyen batir.

Abin da ke ruɗar mutane a Prius shi ne daga tsaye tana zabura da kyau, domin lantarki yana ba da ƙarfinsa nan take. Amma daga gudun 90 zuwa 120, inda ake buƙatarta wajen wuce tirela, nan ƙaramin injin yake nuna iyakarsa. Za ka taka totur, injin ya ɗauki kuka ya tsaya a sama, gudu kuma yana hawa sannu-sannu. Ba giya ce ke zamewa ba. Motar ba ta da ɗaya, biyu, uku da za ka ji tana canjawa. Wasu haƙoran ƙarfe ne ke raba aiki tsakanin injin da lantarki, kwamfuta kuma tana riƙe injin a inda ya fi ƙarfi. An sha kwance lafiyayyar giya saboda wannan kukan.

Sai abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga mai bin hanya. Ƙarfin doki 134 ɗin nan, 98 ne kawai na injin fetur, ragowar aro ne daga batir, batirin kuma ƙarami ne. Idan ka jera wuce manyan motoci uku ko huɗu ba hutu, ko ka daɗe kana taka ta har ƙasa da mutum biyar da kaya a but, layukan caji za su sauka zuwa biyu, aron ya yanke, ka koma kan injin kaɗai a daidai lokacin da kake gefen tirela. Don haka kafin ka fita wucewa ka kalli allon caji. Ka bar tazara tsakaninka da tirelar, ka fara tara gudu tun kana layinka, sannan ka fita ka taka totur gaba ɗaya, ba rabi-rabi ba. Maɓallin PWR, wato na kuzari, ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya, totur kawai yake sa wa saurin amsawa. Idan ka taka har ƙasa, da shi da ECO, maɓallin tattalin mai, duk abu ɗaya za su ba ka.

Yanzu mai. A buɗaɗɗen titi babu tsayuwa, babu yawan birki, injin fetur kuma ba ya mutuwa, don haka dabarun da suke rage mai a Sabon Gari duk sun zama 'yan kallo. Dubi Camry ta 2012 a alƙaluman hukumar nan. Cikin gari haibirid tana yin kilomita 18 a lita, wadda ba haibirid ba 10 da rabi. A babban titi kuwa 16 da rabi ne da kusan 15. Kai da kake yin kamar kilomita 80 a rana, 1,760 a wata, bambancin bai wuce lita 12 ba. Wannan ba zai biya cikon kuɗin saye da na batir ba nan kusa. Prius ce ke riƙe 20 ɗinta a hanya, lita 86 ko 88 a wata maimakon 118 na Camry wadda ba haibirid ba, kuma ƙaramin inji da siffar jikinta mai yanka iska ne suka ba ta wannan. Shi ma da sharaɗi: turjiyar iska a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, a 140 kuwa ta kusa ninkawa. Mai tafiya Zariya a 140 ya daina maganar tattalin mai, ko wace mota yake ja.

Shawararmu: in za ka iya zama tsakanin 90 da 110 kuma kana da haƙurin jiran fili kafin wucewa, ɗauki Prius ta 2010 zuwa sama. In ka san ƙafarka na da nauyi, ko kullum motar cike take da abokan aiki, Camry ta fi maka, kuma a irin hanyarka ba dole ba ne ta zama haibirid. Ka tuna kuma Prius gajeriya ce, tsakaninta da ƙasa kamar santimita 14. Idan layinku na da kwazazzabai da damina, je ka gwada ta a can kafin ka biya.

Tambaya: Maigidana zai saya mini Prius 'yar Kwatano. Ƙawayena sun ce zafin Kano yana kashe batirin, kuma babu mai gyara. A ina ma zan riƙa cajinta da wannan rashin wuta?

Amsa: Hajiya, batun caji ki kwantar da hankalinki. Prius ta yau da kullum ba a jona ta da wutar gida, injinta da birkinta ne suke cajin batir. Fetur kawai za ki zuba.

Maganar zafi kuwa ƙawayenki sun yi gaskiya, sai dai akwai abin yi. A ta 2004 zuwa 2015, babban batirin yana bayan kujerar baya. Ƙananan batura 28 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimilla kusan bolt 202, kuma abin da ke sanyaya su iskar cikin mota ce, wadda wata fanka ke zuƙa ta wata 'yar taga a gefen dama na kujerar baya. Daga nan za ki gane sauran. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kashe esi don tattalin mai cutar batir ne: idan ya yi zafi kwamfuta takan rage aiki da shi, injin ya ƙi mutuwa, man da ake gudu a sha shi. Ki kunna esi, ki nemi inuwa wajen ajiyewa, idan kuma ta wuni a rana ki sauke gilasai zafin ya fita kafin ki rufe. Kada a toshe tagar nan da filo, jakar makaranta ko rigar kujera. Masu ɗinka rigar kujera sukan rufe ta ba su sani ba. Bayan kowane hunturu a kwance fankar a wanke, domin ƙura takan liƙe a fukafukanta har ta daina tura iska. A gosulo kada ki sa giya a N, batir ba ya caji a nan; ki bar ta a D ƙafa na kan birki, in tsayuwar ta yi tsawo ki danna P. Idan ruwan Agusta ya cika titi har ya kai ƙasan ƙofa, ki juya.

Kafin Alhaji ya biya, a je da mai kwamfuta wanda ya san haibirid. A duba ko akwai lambar P0A80, wadda ke nufin batir ya gama. Rashin ganinta bai isa ba, domin ana goge ta kafin mai saye ya zo, sai a yi tafiyar minti 30 da esi a kunne, kwamfutar na jone. Tana nuna baturan nan bibbiyu, rukuni 14. Masu lafiya tare suke hawa, tare suke sauka, bambancinsu kaɗan. Idan an taka totur aka ga rukuni ɗaya ya faɗi da bolt ɗaya ko fiye ya bar 'yan'uwansa, akwai mataccen a ciki. Ko babu kwamfuta akwai alama: caji ya cika ya zube cikin 'yan mintuna, fankar baya tana ihu, injin ba ya hutawa. A kuma leƙa kusoshin murfin batirin a ga ko an taɓa kwancewa. Canja ɗaya ko biyu daga cikin 28 gyara ne mai araha, amma sabon da tsofaffin ba sa daidaita, bayan 'yan watanni wani ya sake faɗuwa. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.

A ta 2010 zuwa 2015 a ƙara da abu ɗaya: a tayar da ita da sassafe, injin na sanyi. Idan ta yi kakkarwa da ƙwanƙwasa na 'yan daƙiƙu, ruwan lagireto kuma yana raguwa, gasket ɗin kan inji ya fara tafiya. Yawanci bututun EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, shi ke toshewa da baƙin gawayi ya jawo haka, kuma wanke shi ya fi canjin gasket sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu gyara akwai su, kayan ma ana samu a Ƙofar Ruwa. Haɗarin yana wajen wanda bai sani ba kuma ba zai ce bai sani ba. Wajen juye, baƙin mai 0W-20 littafin ta 2010 zuwa 2015 ya ce, ba mai kaurin da ake zuba wa tsofaffin bas ba. Wajen mai esi, man kwamfuresarta ND-11 ne. Idan ya zuba irin na sauran motoci, lantarki zai riƙa zurara ta cikinsa, motar ta nuna jan gargaɗi, wani lokaci ta ƙi tashi. Tankin ruwa biyu ne a gaba, na inji da na inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir, duka ruwan Toyota mai launin hoda suke so, ba ruwan leda ba. Wayoyi masu launin lemo kuma kada rewaya ya taɓa su sai ya zare filogin tsaro na batir, suna iya kisa.

Tambaya: An ce idan na riƙa tuƙa Prius a giyar B batir zai fi cika, mai ya ragu. Haka ne?

Amsa: A'a, Malam, akasin haka ne. B birkin inji ne, an yi shi don doguwar gangara irin ta hanyar Jos, kuma yana zubar da wani ɓangare na ƙarfin da zai koma batir. Kano shimfiɗe take, bar ta a D. In kana son ƙarin kilomita, fara taka birki da wuri kuma a hankali tun daga nesa da danja, sannan ka auna iskar taya duk mako biyu da safe kafin ta yi zafi. A Prius ta 2010 mai rim 15, gaba 35 ne, baya 33, an rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Faɗa wa mai faci lambar da bakinka, in ba haka ba 45 ko 50 zai ɗura mata.