Rodin Da Aka Saya Da Baki

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ina gina shaguna shida da bene a kansu don haya. Ƙanin matata ke kula da aikin. Da farko ya ce rodi tan 3 zai kai mu har dekin. Na sayi tan 5, yanzu ya ce a ƙaro 2. Shin in ranto kuɗi in ƙarasa, tunda hayar shekara biyu za ta mayar mini?

Amsa: Alhaji, kada ka ranci ko sisi tukuna. Kai da ba ka yarda yaron shago ya fita da turmi ɗaya ba a rubuta ba, ta yaya ka zuba miliyoyi a ƙarfe babu takarda? Ban ce surukinka ya ci amanarka ba. Ta yiwu shi ma mai ɗaurin rodi ne ya faɗa masa tan 3, shi kuwa da ido ya kintata. Laifin naka ne, domin ka ɗauki kunyar surukuta ka sa ta a gurbin lissafi.

Injiniyan da ya zana ginin shi zai ba ka jadawalin rodi: kowane ginshiƙi, kowane bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), dekin da matakala, kauri nawa, sanda nawa, tsawo nawa. In babu injiniya tun farko, to matsalarka ta wuce ta kuɗi, domin mutane za su zauna a ƙarƙashin wannan bene.

Ga abin da za ka riƙe a ka. Sandar rodi mita 12 ce. Mai kaurin milimita 12, kusan sanda 94 ke cika tan ɗaya. Mai 16, kusan 53. Mai 10, kusan 135. Dekin mai faɗin mita 8 da tsawon mita 10, in an jera mai 12 da tazarar santimita 15 tsaye da kwance, shimfiɗar ƙasa kaɗai za ta ci wajen sanda 90, kusan tan guda. Ba a sa na sama ba, ba a sa bim ba. Inda sanda biyu suka haɗu kuma sai sun hau juna da kamar rabin mita ko fiye. Sannan guntaye: in ka yanki mita 8 daga sanda, ragowar mita 4 ina ta tafi? Mai jadawali ya san inda zai sa ta. Wanda ba shi da shi, sai dai 'yan gwangwan su kwashe ta a arha.

Na san wani mai hatsi a Dawanau da ya damƙa wa ɗan wansa irin wannan aiki. An biya kuɗin mai 12, aka sauke wanda bai wuce 11 ba. Da ido ba ka ganewa, amma ƙarfen ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Ana gobe za a zuba kankare injiniya ya zo ya auna, ya sa aka kwance duka. Asarar ta yi wa mai hatsin ciwo, gabar da ta biyo baya a cikin gida ta fi.

Maganar hayar shekara biyu kuwa, cire ta a ranka. Gini ba atamfar sallah ba ce, a hankali yake mayar da kuɗi, bashi kuma ba ya jira.

Tsayar da aikin mako guda. Biya injiniya ya ƙirga rodin da ya shiga gini da wanda ke ajiye, a gwada da rasiɗan tan 5 ɗin. Rodin da ya rage a saya, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa da ƙafarka, a auna kauri a gabanka, a ƙirga sanda a gabanka. Surukinka ya ci gaba da kula da ma'aikata, amma ya riƙa sa hannu a littafi kan duk sandar da ta fita.