Ganin zinare a dutse bai isa a fara rami ba

"Maigida, ga jijiya ta fito fili, har ana ganin zinaren da ido a jikin farin dutse. Me zai hana mu nutsa rami tun yanzu?"

Yaro, wanda ido ya gani ai shi ya fi yaudara. Zinare ba ya bazuwa daidai cikin jijiya, wato layin farin dutsen da ke ɗauke da shi. Nan ya dunƙule, taku biyu gaba babu ko ƙwaya. Shi ya sa ake fara kawo injin huda mai bakin lu'ulu'u, a huda a karkace don a ratsa jijiyar. Dutsen yana fitowa kamar sanda, kaurinsa wajen santimita 5. A tsaga shi biyu, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi a ajiye a akwati da lambar zurfinsa. Da farko tazarar huji kamar mita 100, in sakamako ya yi kyau a matso zuwa 25.

Abin da ake nema shi ne giram nawa na zinare ke cikin tan ɗaya na dutse, kuma a nan sababbin shiga ke faɗuwa. A ce faɗin jijiyar mita 1 ne, giram 8 a tan. Injin kwasa ba zai shiga mita 1 ba, dole ka buɗe 2. Dutsen banza ya cakuɗu da na kirki, 8 ta koma 4, abin da za ka fasa, ka ɗauko, ka niƙa kuwa ya ninka. Da 4 ɗin za ka yi lissafi.

In lissafi ya fita, sai hanya. Gangaren da motoci za su bi yakan kai mita 5 faɗi, 5 tsayi, yana sauka mita 1 a kowace 7. In ya fi haka tsini, mota da lodi ta sha wuyar hawa, birki ya yi zafi wajen sauka. A dutsen da ke ƙarƙashin jijiya ake yanka shi, domin ɓangaren sama ne ke saki idan an kwashe abin da ke tallafe da shi. Ramin iska daban da manyan fankoki, da hanyar fita ta biyu, duk kafin a fara ɗiba.

Bayan an tashi nakiya kada ka yi gaggawar komawa, akwai gubar da ba ta da wari a hayaƙin. Iska ta share, a jiƙa ƙura, sannan ka tsaya inda aka riga aka ƙarfafa ka ƙwanƙwasa rufin da doguwar sandar ƙarfe. In ya yi ƙara rau, yana nan daram. In ya amsa kamar ganga, ya rabu daga ciki: a ɓamɓare shi, sannan a kafa rodi da raga, a fesa siminti.