Amsa: Shin kamfanin Facebook ne ya ƙirƙiro tabarau na VR?

Malam, ka tambaya ko Facebook ne ya fara ƙera tabarau ɗin nan da ke sa mutum ya ji kamar yana cikin hoton kwamfuta. A'a, sayen Oculus, wani kamfani mai ƙera irin wannan tabarau, kawai suka yi a 2014. Abin ya girme su nesa ba kusa ba.

A 1963 Ivan Sutherland ya haɗa manhajar Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka. Da wani alƙalami mai gane haske ake zane a kan allon kwamfutar TX-2. Ka ja layi a karkace, ka umarce ta, ta miƙe maka shi. A 1968 kuma, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka ƙera na'urar da ake sawa a kai mai nuna hoton kwamfuta a gaban ido, an liƙa ta da wani ƙarfe da ya sauko daga silin yana bin motsin kai. Zanen layuka zalla take nunawa, ba launi.

Kada ka haɗa ta da Sensorama ta Morton Heilig ta 1962, mutane na yawan yin wannan kuskuren. Waccan fim ce mai iska da ƙamshi, ba kwamfuta a ciki.

In aikin makaranta kake, nemi malamin kimiyyar kwamfuta ya warware maka lissafin da ke juya hoton daidai da motsin kai, nan ne wuyar take.