Na Dawo Gida, Amma Gwaggo Ta Ce Baƙi Na Kawo Mata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan shekara 35 ina aikin gwamnati a Kaduna, na yi ritaya na dawo ƙauyenmu kusa da Wudil da iyalina. 'Ya'yana huɗu duk haihuwar birni ne, kowa a wurinsu "anti" ne ko "ankul". Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin manyanmu, kuma ta ce baƙi na kawo mata ba jikoki ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Ko in gina gidana can bakin titi, kowa ya huta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah a dakata da ginin nan, ko da damina ɗaya ce. Maganar Gwaggo ba kora ba ce, kewa ce. Tsohuwar da ta goya ka wataƙila, yau 'ya'yanka na gaishe ta a tsaitsaye.

Ka fara da sunaye. Ka zaunar da yaran, ka nuna musu wane ne baffa, wace ce gwaggo, wane ne kawu, su wa ne taubasansu da za su yi wasa da su ba a ji haushi ba. Sannan kullum bayan sallar asuba ka tura su ɗakinta, su durƙusa su gaishe ta, ko da goro biyu a hannu. Kada ka bi su. Idan ta fara kiran namijin "maigidana", macen kuma "kishiyata", to ta karɓe su. Ni a wurin kakata na san labarin gidanmu, ina tsince mata wake a faifai tana lissafo mini wanda ya haifi wane har kakanni biyar. Ranar da ta rasu, da abin da ban tambaya ba aka binne ta, har yau yana damuna.

Kai ma da naka aikin. Ka zauna a zaure da yamma, ka ci tuwo kwano ɗaya da 'yan uwanka, ka je jana'iza da suna da ƙafarka, kada ka aika da ambulan. In an kira gayya a gonar wani, ka fita da fartanyarka ko kunya biyu ka iya yi.

Ranar Juma'a mai zuwa, ka ɗauki babban ɗanka ku je kasuwar Wudil, ka bar shi ya zaɓo wa Gwaggo zane, shi zai miƙa mata da hannunsa.