Wane irin font zan zaɓa wa tambarin kamfanina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da humra da turaren wuta a Kano, yanzu ina so in fara zuba su a kwalba mai sitika da sunan kamfanina. Ni ba na son tarkace, irin rubutun nan nake so mai sauƙi tsaf-tsaf kamar na manyan kamfanoni. Mai min dizain ya turo kala biyar, duk sirara ne kuma duk sun min kama da juna. Dan Allah ya zan zaɓa? Sunan akwai harafin ƙ a ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Gara da kika faɗi maganar ƙ ɗin nan, domin ita kaɗai ma za ta iya rage miki biyar ɗin su koma biyu. Fonts, wato salon zanen haruffa, da yawa an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a cikinsu, to abin da manhajar dizain irin Canva ko kwamfuta take yi idan ta nema ta rasa shi ne ta aro harafin daga wani font daban ta cusa, sai ki ga duk sunan ya tafi daidai amma harafi ɗaya ya fi sauran kauri ko ya ɗan karkace, wani lokacin ma akwati kawai zai fito a gurbinsa. Ki ce masa ya rubuta miki ƙ ɗ ɓ ƙanana da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ a kowanne cikin biyar ɗin, in kina da kwastomomi a Nijar ya ƙara ƴ, sannan ya sa alamar ₦ saboda farashi. Wanda ya faɗi a nan ki ajiye shi. Font ɗin Noto Sans na Google yana da su duka, za ki iya ajiye shi gefe ki dinga kwatantawa. Wasu masu dizain zana lanƙwasar suke da hannu su liƙa a kan k, a tambari kaɗai ba laifi in mai zanen ya iya, amma ranar da za a buga fulaya ko a rubuta bayanin kaya matsalar za ta dawo.

Sai maganar siranta, wadda nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ana ɗauka sauƙi yana nufin layi siriri kamar gashi. A fuskar waya an buɗe shi babba yana da kyau sosai, ba musu, amma kwalbar humra nawa take? Sitikar da ƙyar ta wuce faɗin yatsa biyu, in kuma ruwan gwal za a buga a kan baƙi kamar yadda masu turare suka fi so, siririn layi yankewa yake, ga mai yana taɓa sitikar. Haka in kin kai wa masu monogiram su ɗinka a jikin jaka ko hular ma'aikata, zare ba zai iya bin layin ba. Ni a ganina don kwalba ki ɗauki matsakaicin kauri ko wanda ya ɗan ɗara shi, a ɗan buɗe tazara tsakanin haruffa in manyan baƙaƙe ne. Kuma kar ki yanke hukunci a waya, a buga miki a takarda daidai girman sitikar, ki manna a kwalba ki ajiye a kan kantar shago ki ja baya kamar taku uku, in ba ki iya karantawa ba to mai saye ma ba zai iya ba. Ki kuma sa shi a ɗan da'irar hoton WhatsApp da Instagram ki gani.

Da kika ce duk sun miki kama da juna, idonki bai yi ƙarya ba. Da yawa cikin irin rubutun nan marasa ƙafa, wato waɗanda ba su da 'yan ƙananan layuka a ƙarshen haruffa, daga gida biyu suka fito. Akwai zuriyar Futura da Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927, wadda aka gina kan da'ira da miƙaƙƙen layi, o ɗinta zagaye take cif, a nan su Poppins da Montserrat suke kusa. Akwai kuma zuriyar Helvetica da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, ita ta fi kama da rubutun ofis da banki da filin jirgi. Ga kayan ƙamshi na farkon ya fi taushi, sai dai ki lura da ƙaramar a ta Futura, da'ira ce da sanda, in an ƙanƙanta ta tana rikiɗewa ta koma kamar o, kuma kin san sunayenmu na Hausa a ta cika su.

Manyan kamfanonin da kike kallo su ma ba duka suka ji daɗin wannan yayin ba fa. Google ta sauya tambarinta zuwa marar ƙafa a 2015, gidajen kayan ƙawa suka biyo baya, Burberry ta Ingila ta yi nata a 2018, har aka fara yi musu tsiya cewa duk tambarinsu ya zama ɗaya, a 2023 sai ga Burberry ta koma rubutu mai ƙafa. Su suna da kuɗin talla da zai sa a gane su ko da wane rubutu ne, ke kuwa kwalbarki za ta zauna a jere da wasu ashirin da su ma Montserrat ɗin suka sa saboda kyauta ne. Don haka ki nemi abu ɗaya tak da zai bambanta ki, kuma kina da shi a hannu, ƙ ɗin nan, in lanƙwasarta ta fito da kyau ita ce za ta zama alamarki ba sai an ƙara fure ko kambu ba.

Font ɗin tambari na suna ne da manyan kanun rubutu kawai, lambar waya da adireshi da bayanin abin da ke cikin kwalba a ba su wani daban mai saurin karantuwa, wanda 1 da I da l ba sa kama da juna. Font biyu sun isa.

Ki tambaye shi inda ya samo kowanne. Na Google Fonts an yarda a yi kasuwanci da su kyauta, tambari ma har da shi, amma irin su Helvetica da Gotham sayen lasisi ake, kuma da yawa cikin waɗanda ake saukewa a shafukan kyauta an rubuta don amfanin kai ne kawai ban da kasuwanci. In kun gama ya ba ki fayil biyu, ɗaya da rubutun a yadda yake don gyara nan gaba tare da sunan font ɗin, ɗaya kuma wanda ya mayar da haruffan zane, a manhajar zane ta CorelDRAW danna Ctrl da Q ne kawai, wannan shi za ki dinga kai wa masu bugawa don kwamfutarsu kar ta sauya miki shi da wani.