Tambaya da Amsa: Gwamnati na da hurumin riƙe albashin wanda ya shiga yajin aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma ta jihar Gombe. Ƙungiyarmu ta ba da wa'adi a kan kuɗin ƙarin girma da aka daɗe ba a biya mu ba, kuma an ce in wa'adin ya cika za mu ajiye alli. To sai hedimastanmu ya tara mu ya ce an umarce shi ya buɗe rajista, duk wanda bai sa hannu ba babu albashi. Maigidana ya ce in riƙa zuwa ina sa hannu ina dawowa, kada in ja mana wahala. Ni kuma kunyar abokan aikina nake ji. Baba, da gaske doka ta ba su damar riƙe albashi? Za su iya korata? Kuma me ya sa gwamnati ba ta jin magana sai an rufe makarantu?
Daga wata malama, Gombe ta Arewa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. E, doka ta ba su. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya ce ma'aikacin da ya shiga yajin aiki ba shi da haƙƙin albashi na kwanakin da bai yi aiki ba, har ma ya ƙara da cewa ba za a lissafa waɗannan kwanaki cikin shekarun aikinsa ba. Daga nan ne aka samo maganar nan ta "ba aiki, ba albashi". A watan Mayun 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta tabbatar da hakan a shari'ar gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU. Saboda haka duk wanda ya ce miki barazanar baki ce kawai, bai faɗa miki gaskiya ba.

Da can kusan barazanar baki ce. Ni na yi aiki a ɓangaren kula da ma'aikata tun muna jiha ɗaya da Bauchi, kafin a cire Gombe a 1996, kuma abin da muka saba gani shi ne a fitar da sanarwa mai zafi, a buɗe rajista, daga baya in an sasanta a saka sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa za a biya kowa kuma ba za a musguna wa kowa ba. Abin ya sauya a 2022. Malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, gwamnatin Buhari ta riƙe albashinsu, kuma ko da suka koma aji ba ta saki ba. Sai a Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya amince a biya su na wata huɗu. Gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi duk sun ga wannan, sun kuma ɗauki darasi. Don haka ki shiga da shiri. In kina da halin ajiye masara da shinkafa, ki ajiye. In kina cikin adashi, ki yi magana da uwar adashi tun yanzu.

Maganar kora kuwa ta fi wuya a kansu. Ma'aikacin gwamnati na dindindin ba a korarsa da sanarwar rediyo. Sai an ba shi takardar tuhuma, an saurari amsarsa, an bi matakan ladabtarwa. An sha gwadawa dai. A watan Agustan 2014 gwamnatin Jonathan ta sanar da sallamar likitoci masu neman ƙwarewa kusan 16,000 saboda yajin aiki, ana tsakiyar fargabar cutar Ebola, kuma ba a daɗe ba ta janye. A Kaduna, a watan Mayun 2021, da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana biyar a kan sallamar ma'aikata, Gwamna Nasir El-Rufai ya ce ana neman shugabanta Ayuba Wabba ruwa a jallo, ya kuma sanar da korar ma'aikatan jinya da ke ƙasa da mataki na 14. Abin da ke kare ki shi ne taro da takarda. Ki tabbata kiran yajin aikin ya fito a rubuce daga uwar ƙungiya ta jiha, da sa hannun shugabanni, ki ajiye kwafi. Ki ajiye takardar ɗaukarki aiki, da ta tabbatar da ke, da ta ƙarin girman da kike bin kuɗinsa. Kada ki bi jita-jitar WhatsApp ki zauna a gida ke kaɗai, domin wannan ƙin zuwa aiki ne, kuma ana kora a kansa.

Shawarar maigidanki ta tausayi ce, shi yake tunanin cefane, ki saurare shi da ladabi. Amma zuwa a sa hannu a dawo gida ba na goyon bayansa. Yara ba su samu karatu ba, abokan aiki ba su samu ƙarfinki ba, kuma kin sa hannu a kan aikin da ba ki yi ba. Ku zauna ku yanke ɗaya: ko ki shiga aji ki koyar tsakani da Allah, ko ki tsaya tare da 'yan uwanki. Da 'yata ce ta cikina, zan ce ta tsaya da su, matuƙar ƙungiya ta bi ƙa'ida.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi ci mini rai. Wasiƙar ƙungiya tana zuwa ofis cikin ladabi, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil, a rubuta a kai cewa a ajiye zuwa wani lokaci. Ta biyu ta zo, haka. Wa'adin kwana 21 ya zo, na kwana 14 ya biyo, na kwana 7 ya biyo, babu wanda ya motsa. Ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar sakatariya, a ranar za a kira taron gaggawa har tsakar dare, kuma kuɗin da aka ce babu sai a samo wani abu daga ciki. Ma'aikacin da ya ga haka sau biyu, me kike so ya koya? Gwamnati da kanta ce ta koya wa ma'aikata cewa takarda ba ta aiki, yajin aiki ne ke aiki. Sannan in sun yi, ta kira su masu zagon ƙasa, ko ta ce 'yan adawa ne suka zuga su.

Kuma halin ya tsufa. A 1945 ma'aikata ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, sun yi sama da wata guda suna yajin aiki kafin Turawan mulki su saurari maganar alawus na tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. A watan Yunin 1964, lokacin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, namu na Bauchi, gwamnati ta ja ƙafa a kan rahoton hukumar Morgan game da albashi, ta yi barazanar kora, bayan kusan mako biyu ta dawo teburin sulhu. Mafi ƙarancin albashi na Naira 125 da aka samu a 1981, zamanin Shagari, sai da shugaban NLC na lokacin, Hassan Sunmonu, ya ja ma'aikata yajin aiki. Sojoji kuwa ba su ma ɓoye ba: a 1985 aka haramta ƙungiyar likitoci, a 1988 Babangida ya rushe shugabancin NLC ya naɗa mata kantoma ya kuma haramta ASUU, a 1994 Abacha ya sake rushe NLC da ƙungiyoyin ma'aikatan mai ya ɗaure jagoransu Frank Kokori. Naira 70,000 ta 2024 ma sai da aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya ranar 3 ga Yuni.

Dokar da ake riƙe albashinku da ita, asalinta dokar soja ce ta 1976. Tana da 'yar uwa da aka yi a shekarar, wadda ta lissafa ayyukan da ba a yarda a dakatar ba, kuma an faɗaɗa jerin har ya haɗiye kusan duk wanda ke karɓar albashin gwamnati. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyinta na 'yancin ƙungiya tun 1960, ta taƙaita irin waɗannan ayyuka ga waɗanda tsayawarsu ke barazana ga rai ko lafiya. Farar hula suka gaji dokar soja, suka ga tana musu amfani, suka riƙe. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ana karanto sashe na 43 da ƙarfin murya, amma dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta hau kan jiha da ƙaramar hukuma kamar yadda ta hau kan tarayya, sai a ce a jira aljihu ya yi nauyi. Malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku a gida a 2025 a kan wannan magana, a babban birnin ƙasa. Masu mulkin nan kuma duk sun san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ba na cin albashin kowa. Ɗana ya shiga jami'a don karatun shekara huɗu, yajin aiki ya mai da shi shida. In likitoci sun tafi yaji, mu ne muke jigilar marasa lafiya zuwa asibitin kuɗi. 'Ya'yan manya suna ƙasar waje. To laifin me gwamnati ta yi in ta ce wanda bai yi aiki ba kada a biya shi? Ni yaron shagona in bai zo ba, ba na biyansa.
Daga wani Alhaji, Herwagana, Gombe.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zafin da kake ji gaskiya ne, kuma ba zan rage masa komai ba. Wata tara a 2020, wata takwas a 2022: duk ɗalibin da ya faɗa tsakanin nan an ci masa kusan shekara ɗaya da rabi, kuma babu wanda ya ba shi haƙuri, balle diyya. Ɗan talakan da ke karatu a jami'o'in da ke Kashere ko Yalwa ko Gadau shi ya biya kuɗin rikicin da ba shi ya haɗa ba.

Amma Alhaji, dubi misalinka da kyau. Yaron shagon nan, da a ce kun yi rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu, ka ce za ka ƙara masa, shekara ta zagayo ba ka ƙara ba, ya tuna maka ka ce a kafa kwamiti, ranar da ya ƙi zuwa 'yan kasuwa wa za su ba rashin gaskiya? A 2009 gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da ASUU, da sharaɗin a riƙa sake duba ta duk bayan shekara uku. Sai a 2017 aka kafa kwamitin Wale Babalakin. Bayansa aka yi na Farfesa Munzali Jibril, sannan na Farfesa Nimi Briggs a 2022, sannan na Alhaji Yayale Ahmed a 2024. Ana cikin yajin aikin 2022, ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya kai ƙungiyar kotu, aka umarce ta ta koma aiki a watan Satumba, a watan Oktoba kuma ya yi wa wasu sababbin ƙungiyoyin malaman jami'a biyu rajista, CONUA da NAMDA. Kai ƙara, riƙe albashi, raba kan ma'aikata: duk an yi su cikin 'yan watanni. Da an yi rabin wannan hanzari wajen cika alkawari, da ɗanka ya gama a kan lokaci.

Ina tare da kai a wuri ɗaya, kuma na sha faɗa wa shugabannin ƙungiyoyi ido da ido. Yajin aikin asibiti da ya rufe ɗakin haihuwa da sashen taimakon gaggawa ba shi da uzuri a wurina, komai girman haƙƙin da ake bi. Matar da naƙuda ta kama a Dukku ko Nafada ba ita ta riƙe alawus ɗin kowa ba. Haka yajin aikin sai-baba-ta-gani a makaranta, in ya wuce wata biyu ya daina cizon gwamnati, ya koma cizon iyaye, kuma ƙungiyar da ta rasa tausayin iyaye ta rasa babban makaminta. Sai dai in za ka yi fushi, Alhaji, ka raba shi daidai. Kuna da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuna da ɗan majalisa da ya zo neman ƙuri'arku har cikin kasuwa. Ranar da kuka ji an ba da wa'adi, ranar ya kamata ku je masa, tun ba a rufe ƙofa ba.

TAMBAYA: Baba, ni sabon ma'aikaci ne, ko tabbatar da ni ba a yi ba. In an shiga yajin aiki, 'yan ƙungiya za su iya hana ni shiga ofis da ƙarfi?
Daga wani matashi, Kumo.

AMSA: Ɗana, doka ba ta ba su ba. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005, zamanin Obasanjo, ya mai da shiga ƙungiya ganin dama, ya hana tilasta wa wanda ba ɗan ƙungiya ba shiga yajin aiki, ya kuma hana tare hanyoyi da sunan yaji. Shi ne kuma ya wajabta a kaɗa ƙuri'a, mafi rinjayen 'yan ƙungiya su amince, kafin a fara.

Matsayinka ya fi na kowa rauni, domin wanda ba a tabbatar ba ya fi sauƙin sallama. Ka je wurin shugaban reshenku na ƙungiya tun kafin ranar, ka gaya masa halin da kake ciki, ka ji abin da suka tsara game da irinku. In ka iso ka tarar an kulle ƙofa, kada ka yi jayayya da kowa, kada ka tsallaka katanga. Ka tura wa shugaban sashenka saƙo a rubuce cewa ka zo ka samu ofis a rufe, ka ajiye saƙon da kwanan watansa.